Tarihin Kayan Wasan Yara a Ƙasar Zakka: Ƙirarsu, Tara Su da Gyaransu

Kayan wasan yara a ƙasar Zakka, kamar sauran yammacin Katsina, sun daɗe ba su da alaƙa sosai da kasuwa. Yaro ne ke ƙera abinsa da hannunsa daga abin da gona da rafi da daji suka ba shi, ya yi wasa da shi kwana biyu, ya lalace, ya sake wani. Wannan ya sa tarihinsu ya sha bamban da na ƙasashen da mutum ke shiga kantin tsofaffin kaya ya sayi motar wasa mai shekara 70 tana cikin kwalinta. Abin da aka gada a nan daga kaka da kakanni shi ne iya ƙirar, domin kayan kansu ba sa kai labari. Duk mai son tara su ko gyara su sai ya fara da sanin haka.

Zakka tana cikin Ƙaramar Hukumar Safana. Batsari na arewa, dajin Rugu kuma ya miƙe ta yamma har iyakar Zamfara. Ƙasa ce ta duwatsu da fadamu da gonakin gero, dawa, masara, gyaɗa da wake, inda manoma da Fulani makiyaya suka daɗe suna cuɗanya a bakin rijiya da cikin kasuwa. A ƙarni na 19, bayan masu jihadi sun ci Katsina a 1807 kuma tsofaffin sarakunanta sun kafa Maraɗi, yankin Ruma da kewayen Rugu ya zama bakin daga tsakanin ɓangarorin biyu. Babban abin da yaron wancan zamani ke gani shi ne barde a kan doki da ɗan baka da kwarinsa, don haka dokin kara da ƙaramin baka da kibiyar tsinke suna cikin mafiya daɗewa a kayan wasan maza. Tun daga nan ake ganin ƙa'idar da ba ta canja ba har yau: yaro yana kwaikwayon abin da ya fi cika masa ido a duniyar manya.

Kara shi ne uban kayan aiki. Da an gama girbi a kaka, dawa ta shiga rumbu, sai manya su ɗebi na darni da na girki, yara su tsinci saura. Mai ƙira yakan zaɓi sille mai santsi wanda bai sha raɓa ya yi baƙi ba, ya feɗe ɓawon da haƙori ko da 'yar wuƙa, ya tsattsaga shi siri-siri, ya bar totuwar fara fat mai taushi. Sai ya yanyanka totuwar daidai tsawon da yake so, ya riƙa soke ta da tsinken ɓawon, yana haɗa wannan da wancan har siffa ta fito, babu zare babu abin liƙi. Inda ake son ƙarfi, kamar wurin da ƙafa za ta juya, sai a sa ƙayar aduwa. Ƙafafun kuwa da sakaina ake yin su: a goga ɓallin tsohuwar ƙwarya a kan dutse har ya yi kewaye, a huda tsakiyarsa. Ɓawon kara yana da kaifi ƙwarai, kuma da wuya a sami wanda ya koyi wannan aiki ba tare da ya yanki yatsa ba. Ba a zaunar da yaro a koya masa. Ƙarami ne ke miƙa wa yayansa kaya yana kallo, bana ya yi mai karkata, baɗi ya yi mai kyau.

Damina kuma lokacin laka ce. A bakin kududdufi da rafi ake cuɗa yumɓu a fitar da doki da raƙumi da jaki, amma gwanayen saniya su ne 'ya'yan makiyaya. Yaron da ya wuni bayan garke ya san bambancin farar bunaji da jan rahaji mai dogon ƙaho, kuma wannan sani yakan fito a hannunsa: tozo a inda ya kamata, leɓar wuya tana reto, ƙaho na ƙaya ko na laka an lanƙwasa shi daidai da na wata saniya da yake kira da sunanta. A inuwa ake shanya su, domin rana tana tsattsaga ɗanyar laka. Wani lokaci akan tura su cikin tokar murhu su ɗan gasu, amma akasarinsu ɗanyu ne, ruwan sama ɗaya ya ishe su komawa ƙasa. Gasassun da suka fi jimawa su ne 'yan tukwane da kasake da maginan tukwane ke yi wa 'yan mata, waɗanda uwa ke sayowa ranar kasuwa don wasan tuwon ƙasa.

Tsakanin waɗannan akwai ƙananan abubuwa da yawa: katantanwa da ake murzawa a kan rairayi, filfilwar da yaro ke gudu da ita iska na juya ta, ƙwallon goruba, tarkon tsuntsu, da 'yar ganga. Watan azumi na da nasa kaya, domin masu tashe suna buƙatar gemun auduga, rawanin tsumma, sanda da ƙoƙo, kuma da an ga watan Sallah an watsar da su.

'Yar tsana ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, saboda ita kaɗai ce a cikin kayan nan ake yi da niyyar ta daɗe. Ana yin jikinta da guntun kara mai kauri, ko totuwar masara, ko ƙashin ƙafar rago da aka wanke ya bushe, wanda shi ya fi ƙarko. A kanta akan liƙa kakin zuma ko a naɗa baƙin zare a yi mata kitso irin wanda ake yayi, a ɗaura mata ƙyallen da aka roƙo wurin tela ko aka yago daga tsohon zanen uwa, a sa mata tsakiya a wuya da ƙugu. Yarinya takan goya ta, ta yi mata wanka, ta raɗa mata suna. Idan ƙawaye suka haɗu sai a yi bikin 'yar tsana, da kamu da lalle da kai amarya da jeren ɗaki, murafun kwalba da 'yan fayafayi su tsaya a matsayin kayan jere. A cikin wannan wasa yarinya ke haddace tsarin biki tun kafin a fara gayyatarta, ta san wa ke kawo me, wa ke magana da wa. Shi ya sa tsohuwar 'yar tsana ta zama shaida mai daraja ga masanin tarihi: ƙyallen jikinta yana nuna atamfa ko saƙin da aka yi yayi, kitsonta yana nuna zamani, wani lokaci har da dangin da mai ita ta fito.

Galibin irin waɗannan 'yan tsana ba su da fuska sosai, daga ɗigo biyu sai kuma babu. Wannan ya dace da ƙyamar da Musulmi ke yi wa sassaƙa siffar mai rai, ko da yake malamai sun yi rangwame a kan wasan 'yan mata. Hadisai ingantattu sun nuna Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta, kuma malaman Malikiyya irin su Alƙali Iyad sun kafa hujja da haka wajen halatta su ga yara mata. Don haka 'yar tsana ta zauna lafiya a gidan malami da na manomi, amma ba ta taɓa zama abin ado da babba zai ajiye a kan kanta yana nuna wa baƙi ba. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa al'adar tara ta ba ta kafu ba.

Shigowar Turawa Katsina a 1903 ba ta sauya kayan wasa nan take ba, amma ta sauya abin da yara ke gani. Layin dogo ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, yana cikin sarakunan Arewa na farko da suka rungumi mota. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano. A hankali manyan motocin ɗaukar gyaɗa da auduga suka fara ratsa ƙauyuka, kuma ƙirar da ake yi wa doki da kara ta koma kan mota da jirgi, daga baya rediyo da tabarau. Ba a sami sabon kayan aiki ba tukuna, totuwa ce dai da tsinke da sakaina, sai dai siffar ta zama ta sabon zamani.

Sabon kayan aikin ya zo ne ta hanyar kantunan kamfanoni irin su UAC, John Holt, G.B. Ollivant da CFAO, kuma ya zo a matsayin shara. Garwar kananzir, gwangwanin madara, na kifi da na tumatir, duk sun zama dukiya a hannun yara, kamar yadda suka zama a hannun masu ƙera fitilar aci-balbal da mazurari. Daga nan motar langa-langa ta samo asali: a fasa gwangwani a miƙar da shi da dutse, a yanka da tsohon almakashi, a lanƙwasa bakin don kada ya yanki hannu, a huda da ƙusa a ɗinke da siririyar waya. Da takalmin silifa ya yawaita sai sakaina ta sauka daga aiki, domin tayar da aka yanko daga tsohon silifa ba ta fashewa kuma ba ta ƙara. Keke ya kawo nasa rabo. Tsohon wasan gare ya samu ƙarfen ƙafar keke, robar tib ta ba da danƙon harbin tsuntsu, waya kuma ta ba da motar da ake yi wa dogon sitiyari, yaro na tsaye yana tuƙa ta, ƙafafun gaba na juyawa da gaske.

Shekarun 1970 da farkon 1980 su ne ganiyar wannan ƙira. Kuɗin man fetur ya cika hanyoyi da motoci, an buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, kuma yaran karkara suka san a-kori-kura da kiya-kiya da tifa da tirela ɗaya bayan ɗaya. Gwanin ƙira ba ya yarda a ce motarsa mota ce kawai; sai an gane ko wace iri ce daga hancinta da bodinta. Akan rubuta mata kirari a goshi kamar na direbobin gaske, a yi mata ƙofa mai buɗewa, wasu har su jona tsohon batir da ɗan ƙwan tocila ta yi fitila. Cikin waɗanda suka zama kafintoci da makanikai da masu walda a garuruwan yankin, da yawa a nan hannunsu ya fara faɗawa. A 1976 aka soma shirin ilimin firamare kyauta na UPE, kuma darasin aikin hannu ya shigar da laka da kara cikin aji na ɗan lokaci.

Kayan wasan ƙasashen waje suna nan tun zamanin Turawa, amma a manyan kantunan birni irin su Kingsway da Leventis, inda sai 'ya'yan ma'aikata da attajirai ke samu. Su ma suna da nasu tarihi. Jamus ce ta yi fice a kayan wasan gwangwani masu wani, da kamfanoni kamar Märklin da aka kafa a 1859 da Lehmann a 1881, kuma birnin Nuremberg ya zama cibiyar sana'ar. A Ingila kamfanin Meccano na Liverpool ya fito da ƙananan motocin ƙarfe na Dinky a 1934, Matchbox ya biyo a 1953, Corgi a 1956. A Amurka aka fito da 'yar tsanar Barbie a 1959. Kaɗan daga irin waɗannan sun iso ƙauyuka a jakar ɗan ci-rani, ko soja da ya zo hutu, ko cikin tsarabar alhazai tare da ɗan madubin nan da ake leƙawa a ga hotunan Makka da Madina.

Abin da ya karya kasuwar kara da gwangwani shi ne roba. Masana'antun roba na Kano, a Bompai da Sharaɗa, sun fara cika kasuwannin ƙauye da kaya masu araha, sannan daga shekarun 1990 kayan Sin suka mamaye ko'ina. A yau mafi yawan kayan wasan duniya a Sin ake yin su, musamman a Chenghai da ke lardin Guangdong, kuma daga can suke biyowa ta Legas da Kano har tabarmar ɗan koli a kasuwar Batsari ko Runka. Ranar Sallah yaro kan kashe barka da sallarsa a kan bindigar roba, agogon roba, usur da balan-balan. Ba su fi motar kara daɗewa ba, amma suna da launi da ƙara, kuma samun su ba ya buƙatar a zauna a koya. Ƙoƙarin yin na gida a masana'anta bai yi yawa ba. Wanda aka fi sani shi ne 'yan tsanar Queens of Africa da Taofick Okoya ya fara a Legas a 2007, waɗanda ɗaya daga cikinsu aka yi mata shigar Hausawa.

Tara tsofaffin kayan wasa a matsayin abin tarihi sabon abu ne ko a Turai. An buɗe gidan tarihin ƙuruciya na Edinburgh a 1955, na kayan wasa na Nuremberg a 1971, kuma tun daga lokacin aka sami masu bin kantunan tsofaffin kaya da wuraren gwanjo suna neman motar da fentinta na asali bai goge ba. A ƙasar Hausa abin da aka fara tarawa sunaye ne da bayanai. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya adana sunayen wasanni da dama. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ta ba da labarin ƙuruciyar 'yan mata a ƙarshen ƙarni na 19. Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, Enid Schildkrout kuma ta yi bincike a kan rayuwar yaran Kano da tallarsu a cikin shekarun nan. Gidajen tarihi irin su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, sun fi ba da ƙarfi ga kayan sarauta da na yaƙi da na sana'a. Aikin hannun yaro bai samu irin wannan gata ba, alhali yana faɗin abin da sulke da kwalkwali ba sa faɗi game da rayuwar talaka.

Doka ma ba ta shafe shi sosai ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki aikin hannu a matsayin kayan tarihi idan an yi shi kafin 1918, ko kuma yana da muhimmanci kuma an yi amfani da shi a wani bikin gargajiya. Motar langa-langa ta 1975 ba ta shiga wannan ma'auni. Ta wani ɓangaren wannan sauƙi ne, domin mai tarawa ba ya cikin haɗarin karya doka. Amma dole ya bambance abin wasa da abin da aka tono daga ƙasa. Mutum-mutumin yumɓu na dā da aka yi ta haƙowa a ɓoye a yankunan Katsina da Sakkwato, waɗanda Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa a jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000 tare da na Nok, ba kayan wasa ba ne, kuma saye ko fitar da su laifi ne. Fatake Hausawa sun shahara a cinikin kayan gargajiya daga Kasuwar Kurmi har Abidjan, inda Christopher Steiner ya yi nazarinsu a littafinsa na 1994, kuma a wannan ciniki an san dabarar tsufar da sabon abu da hayaƙi da ƙasa don ya yi kuɗi. Mai sayen 'yar tsana a irin waɗannan rumfuna ya kamata ya san da haka.

A ƙasar Zakka, inda ake dacewa da tsohon abin wasa shi ne ɗakin tsohuwa: ƙasan adudu, cikin kwalla, ko akwatin ƙarfe da aka yi shekaru ba a kwashe ba. Akan same shi a hannun dillaliya idan ana sayar da tsofaffin kayan ɗaki, ko lokacin rabon gado, inda yawanci ba a ma lissafa shi. Na waje kuma sukan fito daga dilolin gwanjo da ke biyowa ta Kwatano da Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina da Kano, inda a cikin tarin robobi akan ci karo da tsohuwar motar ƙarfe da sunan kamfani da ƙasar ƙira a ƙarƙashinta. Babban abokin hamayyar mai tarawa shi ne ɗan gwangwan, wanda ke bin gida-gida yana sayen ƙarfe da awo. A wurinsa motar da wani ya ɓata mako yana ƙerawa da murfin tsohuwar tukunya duk ɗaya ne.

A 'yan shekarun nan hanyar gadon kanta ce ta raunana. Wayar hannu ta ɗauke hankalin manyan yara, waɗanda su ne malaman ƙanana. Matsalar 'yan bindiga kuma ta taɓa Safana da Batsari fiye da yawancin wurare: ƙauyuka sun tashi, iyalai sun koma Batsari da Dutsin-ma da Katsina, kuma a watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a yankin na wasu watanni. Wanda ya gudu da dare ba ya ɗaukar adudun kakarsa. Gonar da ba a noma ba ba ta ba da kara, dandalin da ba a fita da farin wata ba ya tara yara, kuma yaron da ya tashi a ɗakin haya a gari ba shi da kududdufin da zai ɗebo laka. Asarar rayuka da dukiya ta fi wannan girma nesa ba kusa ba, amma wannan ma asara ce, kuma irin wadda ba a lura da ita sai bayan ta gama faruwa.

Gyaran abin da ya tsira yana da ƙa'ida guda da masana adana kayan tarihi suka yarda da ita: a yi mafi ƙarancin abin da zai tsayar da lalacewa, kuma kada a yi abin da ba za a iya warwarewa ba. Katsina ta ga misalin irin wannan aiki a kayan kaburburan Durɓi ta Kusheyi, waɗanda aka tono a 1992 aka kai birnin Mainz na Jamus a 2007, inda aka ɗauki shekaru ana tsabtace su sannu a hankali ana rubuta kowane mataki. Abin wasa bai kai su daraja a kasuwa ba, amma haƙurin da yake buƙata iri ɗaya ne.

Kayan kara da totuwa da ƙyalle maƙiyansu gara ne da ƙananan ƙwari masu huda, da ɓera, da danshin damina. Alamar ƙwaro ita ce garin da ke zuba ƙarƙashin abin kamar tsaki. A gidajen tarihi akan ƙulle irin wannan a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda ko fiye. Inda wuta ba ta tsayawa, zafi na yin aikin: a naɗe abin da farin ƙyalle, a sa a baƙar leda a ɗaure, a bar shi a rana ta bazara na wasu sa'o'i, domin zafin da ya kai digiri 55 yana kashe ƙwaro da ƙwansa. Ba a yi wa 'yar tsana mai kan kaki haka, ko wani abu na roba, don za su narke ko su lanƙwashe. Tsinken da ya karye akan maye shi da sabon tsinken kara, ba da ƙusa ba. Ƙyallen jikin 'yar tsana kuwa ba a wanke shi, ba a kuma canja shi komai dauɗarsa. A kaɗe ƙurar da gashin kaza ko burushi mai laushi a bar shi.

Ɗanyar laka ba ta haɗuwa da ruwa ko kaɗan. Idan ƙafa ko ƙaho ya ɓalle, ɗan ƙaro mai kauri da aka shafa da tsinke ya fi gam ɗin nan mai kamawa nan take, wanda ke shiga cikin laka ya yi baƙi kuma ba ya fita. Ƙwararru suna amfani da wani gam mai suna Paraloid B-72 saboda ana iya narkar da shi a cire idan an so.

Kayan gwangwani da na ƙarfe sun fi jan mutum ga kuskure, domin hannu na ƙaiƙayin a kankare a sake fenti. A kasuwar masu tarawa motar da aka sake wa fenti darajarta faɗuwa take yi, a wajen tarihi kuma hasarar ta fi haka, tunda rubutun gwangwanin madara ko na tumatir da ke jikin motar langa-langa shi ne ke nuna shekarunta. Abin da ake yi shi ne a goge tsatsa a hankali da ɗan man keken ɗinki da tsumma, a share man, a shafa kaki siriri. Inda haɗi ya rabu, maƙerin fari ko mai gyaran fitila zai iya liƙe shi da dalma daga ciki. Mota mai wani da ta daina tafiya aikin mai gyaran agogo ce, kuma ba a tilasta mabuɗinta idan ya cije. Akwai haɗari biyu da ya kamata a sani. Tsohon fenti sau da yawa yana da gubar dalma, don haka ba a kankare shi a shaƙi ƙurar, ba a kuma ba yaro ya sa a baki. Tsofaffin 'yan tsanar waje da aka yi da seluloyid kuma suna kama wuta cikin ƙiftawar ido, sai a nisanta su da fitila da murhu. Wasu motocin ƙarfe na shekarun 1930 da 1940 suna kumbura su tsattsage saboda gurɓacewar ƙarfen da aka zuba su da shi, kuma wannan ciwo ba shi da magani, sai dai a rage masa danshi.

Tunda yawancin kayan ƙasar Zakka ba su tsira ba, babban ɓangare na aikin shi ne sake ƙira. Dattijon da ya yi motar waya a shekarun 1970, ko tsohuwar da ta yi bikin 'yar tsana kafin a yi mata nata, suna iya sake yin su idan an kawo musu kayan aikin, kuma a ɗauki hoton hannunsu mataki-mataki. Irin wannan ba jabu ba ne muddin an rubuta a jikinsa cewa sabon yi ne, da sunan wanda ya yi da shekarar. Haka kowane abu da aka tara yake buƙatar takardarsa: sunan da ake kiransa da shi a garin, wanda ya ƙera, ƙauyensa, kimanin shekarar, kayan da aka yi amfani da su, da duk gyaran da aka yi masa daga baya. Idan daga hannun yaro aka saya, da sanin iyayensa ake yi, a kuma biya shi abin da ya dace da wahalarsa. Wurin ajiya ya zama mai iska, a kan kanta nesa da bango da ƙasa saboda gara, ba inda rana ke bugawa ba, kowane abu a naɗe da farin ƙyallen auduga maimakon leda mai tara gumi. Akan buɗe a duba sau biyu a shekara, kafin saukar damina da kuma bayan ɗaukewarta.